Jar Waya, Koriyar Waya

Zuwa ga Baban Dogo,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da kai da abokan aikinka na sito. Yaya ciwon bayan nan? Mu nan, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana fita ƙofar gida ta kori masu ƙwallo. Auta ta yi mura ta warke. Ni lafiya lau, sai dai tunani. Dogo ne ba shi da lafiya, amma ba a jiki ba.

Ka yi haƙuri da rubutuna, har yanzu layin yana gangarawa ƙasa. Ban ba Auta ta rubuta mini ba, don maganar yayanta ce, kuma ka san bakinta.

Akwai mai kai burodi shaguna da babur, wanda muke kira Mai Burodi. Batirin babur ɗinsa ba ya riƙe wuta. A cika shi yau, jibi hon ya koma kukan ɗan akuya, fitila ta dushe. Ya kai garejin da Dogo yake koyon aiki, ogansu ya ce cajar ce ta mutu, wato ɗan akwatin da ke mayar wa batir wuta idan inji yana aiki. Ya ba Dogo sabuwa ya ɗaura. Dogo ya haɗa wayoyin ba daidai ba, cajar ta yi hayaƙi a gaban mai babur. Ashe ba wannan ne karo na farko ba, ɓoye mini yake yi.

Ogan ya ce yaro ne mai hannu amma hankalinsa ba ya wurin. Ya saka wata cajar da kansa, sai ga shi batirin bai daina mutuwa ba. Shi ne ya ce wa Dogo ya tura babur ɗin gida ranar hutu, in ya gano matsalar ya dawo, in bai gano ba ya ajiye masa sifanansa a bakin ƙofa.

Na san ka ce in ya sake kasawa ya taho wurinka ya riƙa dako a sito. Don Allah kada ka aiko masa da wannan maganar tukuna. Yaron nan tun yana rarrafe yake kwance rediyonka.

Matarka,
Uwar Dogo

*

Zuwa ga Baban Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya a gida, har da wanda na ce maka ba shi da ita. Ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar hutun Dogo ya shigo da babur tsakar gida, ya cire kujera da tanki, ya zauna yana kallon wayoyi kamar mai zaman makoki. Ina gefe ina ɗinkin rigar Auta. Na ce ya miƙo mini jan zare daga gwangwani, ya miƙo kore. Na buɗe baki zan ce masa abin da na saba, cewa idonsa na ado ne, sai na fasa. Na tuna Babana, Allah ya ji ƙansa, wanda in aka aike shi tumatir sai ya kawo ɗanye ya rantse ya nuna. Na zube zarurrukan a tabarma na ce Dogo ya ware mini ja daga kore. Ya daɗe yana juya su. Daga nan ya sunkuyar da kai ya ce, wallahi shi duk kusan ɗaya yake ganinsu, kuma ya ɗauka kowa haka yake, wasu sun fi shi lura ne kawai.

Baban Dogo, duk faɗan da muka yi masa kan safa ɗaya ja ɗaya koriya, ba sakaci ba ne. Daga gidanmu ya gado. In akwai mai laifi, ni ce na kawo masa.

Ya ce a sabon babur haddace wurin kowace waya yake yi, shi ya sa ba a gane ba. Amma na Mai Burodi ya bi ta hannun masu gyara da yawa, kowa ya yanka ya ƙulla, babu wayar da ke mazauninta. A irin babur ɗin nan kuma ja ita ce mai ɗauke da wuta, koriya ita ce mai komawa jikin ƙarfe. In ka musanya su, sai hayaƙi.

Na tashi na ɗauko farin salatif da biro. Yana nuna mini waya, ina rubuta launinta ina liƙawa: ja, koriya, rawaya, baƙa. Shekarun da na yi ina jin kunyar zama a ajin manya da jikokin wasu suna leƙe ta taga, ran nan na ga amfaninsu. Inna ta zauna a kujerarta tana cewa babur ya zama ɗan makaranta, saura a saya masa jaka.

Da ya daina tsoron wayoyin, sai na ga ɗanmu yadda ban taɓa ganinsa ba. Ya mayar da tanki, ya ɗora mitarsa ta auna wuta a kan batir, ya miƙa mini ya ce in riƙa karanta masa lamba da ƙarfi. Kafin a tayar da inji, sha biyu. Ya buga kik, ya murɗa, lamba ta hau kusan sha huɗu. Ya ce to caja lafiyarta ƙalau, koyil ɗin da ke samar da wutar ma haka, ɓarawon yana wani wuri. Ya bi wayoyin da yatsa yana girgiza su ɗaya bayan ɗaya, lamba ba ta motsa ba. Sai Auta ta zo wucewa da bokiti, ya karkatar da kan babur hagu don ta samu hanya. Na ce masa ta faɗo sha biyu. Ya miƙe kan, ta hau. Ya sake karkatarwa, ta faɗo. Na yi ta kiran lambobi kamar mai talla.

Ya tura yatsu ƙarƙashin wuyan babur, inda wayoyi suke lanƙwasa in an juya kai. Ya zaro wata da na rubuta wa ja. A ido ba ta da komai, amma da ya ja ta sai robar ta miƙe kamar cingam. Ashe ta karye daga ciki, ƴan silin waya kaɗan ne suka rage, suna haɗuwa suna rabuwa. Kuma Mai Burodi ya ɗaura wani kwando a gaba wanda yake danne ta daidai wurin. Dogo ya yanke, ya saka sabuwa, ya naɗe, ya sauya mata hanya. Na karanta masa lamba, kai hagu, kai dama, ba ta sake faɗowa ba.

Washegari na yafa mayafi na bi shi gareji, ko da yake ya roƙe ni kada in je. Shi ya faɗa wa ogansa komai da bakinsa, ni tsayawa kawai na yi. Ogan ya duba takarduna a jikin wayoyi, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya tambaya wane injiniya ne mai karkataccen rubutu haka. Na ce ga ta nan tsaye. Sai ya daina dariya ya gaishe ni da kyau. Ya ce daga yau Dogo ba zai taɓa waya ba sai ya auna ta da mita ya san aikinta, kuma a tsofaffin babura ma launi ƙarya yake yi wa masu ido. Mai Burodi ya yi mako yana yawo, hon ɗinsa har ya ishi unguwa.

Ga abin da ya rage. Ogan yana so ya bar wa Dogo ɓangaren waya gaba ɗaya, amma ya ji labarin sito, ya ce ba zai ɗora wa yaro aiki ba gobe uba ya janye shi. Yana son maganarka kafin Asabar ta sama, in ba haka ba zai ɗauko wani. Dogo ba zai roƙe ka ba, ka san halinsa, naka ne. Ni ce nake roƙo.

Ka aiko da amsa kafin ranar. Ka rubuta da manyan baƙaƙe, don ni zan karanta masa da kaina.

Matarka,
Uwar Dogo