Burodin da Abdulilah Ke Kawowa

Unguwar Mansur, Makka

Yaya Maryama,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara. Yaya ƙafar Inna?

Mu nan alhamdulillahi. Ɗanki Abdulilah ya samu shugul, wato aiki, a sabon gidan sinima na Jidda, yana sayar da wani murɗaɗɗen burodi mai laushi, mai man shanu da gishiri. Duk Juma'a sai ya kawo mini, yana cewa, "Ummi, ci, gumina ne."

Kwanaki jiri ya ɗan ɗebe ni a hanyar Harami. Ba wani abu ba ne, kada Inna ta ji. Likita ta ce jinina ya hau, kuma burodin nan fulawa ce zalla da gishiri, in rabu da shi.

Na kasa gaya masa, Yaya. Kin san daɗewar da ya yi ba aiki. Yanzu nakan kakkaɓe gishirin in gutsura a gabansa, in ya tafi in ba maƙwabta.

Idan akwai mai zuwa Umara, ki aiko mini da kuka da garin dawa. Ki roƙa mini Allah Ya ba ni bakin faɗa masa ba tare da murnarsa ta koma ciki ba.

Ƙanwarki,
Baraka