Ɗan Ƙanena Ya Guntule Sunayen Iyakar Gonata a Faifai

Malam mai ba da shawara, ka taimake ni, ko da yake ku 'yan boko bakinku ɗaya. Ni ban yi makarantarku ba, 'yata Zakiyya ce ke rubutawa, kuma na ce kada ta gyara min magana.

Gonata tana haɗe da ta ƙanena Abdulmumini a ƙasar Ungogo, gadon ubanmu ne. Tun da masu yanka filaye suka fara zarya garinmu, gambar da ke tsakaninmu kullum matsowa take wajena. Bara da kaka na zagaya da dattawa, Zakiyya ta ɗauki hoton kowace kusurwa da wayarta, ta sa wa kowanne cikakken suna: iyakar gona ta gabas, daga bakin hanya zuwa tsohuwar rijiya, a gaban Malam wane da wane. Biyu cikin dattawan nan yanzu sun rasu.

Da za ta sayar da wayar aka ce a zuba hotunan a faifai. Wa aka kai wa? Najib, ɗan Abdulmumini, mai shagon kwamfuta a Rijiyar Zaki. Ban so ba, aka ce ai ɗana ne. Ranar da za mu gaban mai unguwa muka saka faifan a bidiyon maƙwabci, sai ga sunaye duk a guntule. Iyakar ɗaya, iyakar biyu, shi ke nan. Gamba da yashi ko'ina kamarsu ɗaya. Ba gabas, ba yamma, ba sunan shaida ko guda. Yaron ya ce wai laifin na'ura ne. Na'ura ta san shaiduna ne da za ta zaɓe su ta cinye? Na daina amsa gaisuwarsa, sunan 'yarsa ma ban je ba. Ka gaya min inda zan kai ƙararsa. Kada ka ce in yi haƙuri, na gaji da jin wannan.

Dattijo mai gona, Ungogo

Baba, ba zan ce ka yi haƙuri ba, zan ce ka bincika kafin ka kai ƙara. Tsohon tsarin zuba abu a faifai harafi takwas kawai yake bar wa suna, kuma bai san ɗan uwa ba, bai san abokin gaba ba. Sau da yawa dogon sunan yana nan, tsohon bidiyo ne ba ya nuna shi. A saka faifan a kwamfuta a gani.

In an tarar a guntule, laifin Najib sakaci ne, don wanda ya karɓi amana ya kamata ya duba aikinsa. A tambaye shi ko hotunan na nan a kwamfutarsa. In suna nan, ya sake zubawa da tsarin UDF mai barin dogon suna, ko ya dunƙule su cikin fayil ɗaya da ake kira zif tukuna, Zakiyya ta karanta maka sunayen kafin ku bar shagon. Sai dai wanda ba ka amsa gaisuwarsa, da wane baki za ka tambaye shi?

Dattawan da suka rage kuma, ku sake zagayawa da su, da mai unguwa, da Abdulmumini kansa, kowa ya faɗi iyaka da bakinsa a ɗauki muryarsa. Murya ba ta guntulewa a faifai. In a nan ƙanenka ya ƙi zuwa, to kana da magana.

Ka je ka ga jikarka, Baba. Allah ya tsare maka gonarka, ya bar zumunci.