Idan Sista Shamsiyya Ta Tafi

Litinin, 7 ga Yuli, 2025
Yau ma gardamar nan ake a rediyo. Wai a riƙa biyan ma'aikaci gwargwadon tsadar garin da yake aiki, na birni a gaba, mu na ƙauye a baya. Wani ya bugo waya ya ce ai mu kifi da shinkafa kyauta muke ci. Kyauta! Ya zo ya hau kwale-kwalen Badaru mai fito sau ɗaya ya ga arha.

Laraba, 16 ga Yuli
Ba a yanke komai ba, amma jita-jita ta cika Haɗeja: inda doka ta same ka, albashin nan za ka ci har ritaya. Kowa na neman canjin wurin aiki tun ba a rufe ƙofa ba.

Mu biyu ne ungozoma a ɗan asibitin nan na tsallaken kogi. Sista Shamsiyya shekara sha tara tana karɓar haihuwa, ni biyu. Na hango fom ɗin neman canji a jakarta. Ban tambaya ba.

Talata, 22 ga Yuli
'Yar'azumi, matar Badaru, ta zo awo. Cikin wata takwas, kuma ɗan a gicciye yake. Sista ta ce ba komai, ta sha juya irinsu da hannunta. Ni a littafi kawai na taɓa gani.

Lahadi, 27 ga Yuli
Ruwa ya shanye hanyar mota. Daga yau sai kwale-kwale, awa biyu cikin ciyawa in an yi sa'a.

Juma'a, 1 ga Agusta
Sista ta faɗa min. Dutse za ta koma, takarda ta fito. "Adila, kar ki kalle ni haka, 'ya'yana huɗu ne a makaranta." Na ce mata maganar fa ko majalisa ba ta kai ba. Ta ce in ta kai ai an makara. Raina ya ɓaci, na ce wanda ya gudu ya bar mata cikin ruwa sai ya amsa a gaban Allah. Ta jawo hannuna ta ɗora a kan filo tana nuna min yadda ake juya ɗa.

Litinin, 4 ga Agusta
Ta tafi. Duk sallamar da na ji a ƙofa sai in ɗauka 'Yar'azumi aka kawo.

Alhamis, 7 ga Agusta
Na roƙi 'Yar'azumi ta tare a Haɗeja wurin 'yan'uwa kafin naƙuda. Dariya ta yi. "Wa zai kula min da yara, Malama? Ba ga ki ba?" Ga ni ɗin. Tsoro nake ji, wallahi, har abinci ba ya shiga.

Asabar, 9 ga Agusta
Na tsallaka Haɗeja karɓo magani. A ofis akawu ya miƙo min fom ɗin nan ban ko tambaya ba, na karɓa don kar ya ji kunya. Da fensir na cike, ana iya gogewa.

A dawowa Badaru na tuƙi ya ce, "Malama, ke dai kina nan ko?"

Na ce ina nan. Jakar na kan cinyata, na rungume ta kar ruwa ya taɓa takardar.