Na Karɓo Takardar Rasuwarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hauwa'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina sanar da ke cewa yau na karɓo takardar shaidar rasuwarki, wata uku da kwana biyar bayan tafiyarki.

Kin san yadda muke yi a nan Sabo, unguwarmu ta Hausawa. Kin cika bayan azahar a ɗakinki, kafin magariba an kai ki makwancinki. Babu wanda ya kawo zancen takarda. Sai bayan sadakar arba'in, da na je buɗe rumfarki a kasuwar Bodija, shugaban layinku ya ce ba za a mayar da ita da sunana ba sai na kawo shaidar hukuma cewa kin rasu. Shi kansa ya zo mana gaisuwa har gida, amma ya ce abin ba a hannunsa yake ba. Aka ba ni wata biyu, domin akwai masu jiran wurin.

Yaya Sani ya ce in haƙura, wai wanda ya koma ga Allah ba ya bukatar takarda, in sayar da sauran kayan in zauna a ɗakina. Ban yi masa musu ba. Washegari na nemi izinin maigidana, na hau keke mai ƙafa uku zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma.

A ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na tarar da wata Bayarabiya, sa'arki ce ko ta ɗan girme ki. Ta tambayi takardar likita, na ce a gida kika rasu. Da ta ji Yarabancina sai ta saki fuska, ta lissafa mini abin da zan kawo: wasiƙar liman ko mai unguwa, takardar rantsuwa daga kotu, da katin shaidarki da nawa.

Liman ya rubuta tasa a ranar. Kotun ce ta yi mini nauyi. Tun tafiyarki ina ce wa mutane "Inna ba ta nan." Ranar kuwa sai da na tsaya gaban baƙon mutum, na faɗa da bakina cewa mahaifiyata ta rasu, na sa hannu. Na fito na zauna a kan dakali kafin in kama hanyar gida.

Da na koma ofishin, matar ta gwada takardun ta girgiza kai. A katinki Hauwa'u ce, a takardar rumfa kuwa Awawu aka rubuta, yadda abokan kasuwarki suke kiranki. Ta ce in ta rubuta ɗaya, kasuwa za ta ce mutum biyu ne. Na sake komawa kotu, na sake rantsewa cewa Awawu mai kuka da daddawa ita ce Hauwa'u uwata. Zuwana na uku babu fom, na huɗu mai sa hannu ya yi tafiya. Ban fasa ba.

Ranar cika fom Yaya Sani ya raka ni, ina jin kunya ce ta kama shi. Da aka zo wurin sana'a ya ce a rubuta matar gida kawai, ya fi sauƙi. Na dafa takardar na ce, "A'a. A rubuta 'yar kasuwa."

Ta yaya zan bari, Inna? Da Baba ya rasu ke kika buɗe rumfarsa, mutane suna ta magana, kika toshe kunnenki. Da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kika kai mu makaranta, kika aurar da mu, kika je Makka. Ina tuna ki kina buga mudu kina ce mini, "Ki cika shi, Hadiza, ko mai saye bai duba ba." Yaya ya sunkuyar da kai, matar ta rubuta yadda na ce.

Yau matar ta miƙo mini takardar da hannu biyu, ta yi miki addu'a. Na karanta sunanki harafi bayan harafi kafin in tashi. Daidai yake.

Gobe da safe zan kai ta Bodija. Na riga na aika a kawo kuka daga Arewa, na wanke mudunki. Ban iya ciniki kamar ke ba tukuna, amma zan koya, kuma ba za a ba wa kowa wurin nan ina raye ba.

Ina kewarki, Innata. Wani lokaci nakan ɗauki waya in kira ki in tambayi farashi, sai in tuna.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sada ki da Baba a Aljanna. Ya ba ni ƙarfin riƙe abin da kika bari da gaskiya. Amin.

Taki har abada,
Hadiza