Wa Ke Ɗauke Almakashina?

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki, ko har yanzu kina gudun asibiti?

Ni dai alhamdulillahi, satina uku da komawa shagon ɗinki. Ina shan maganina, likita ma ya ce kan nawa ya zauna. Amma wani abu ya tsaya mini a rai: almakashina ɓacewa yake yi. In ajiye shi gefen keke, in fita alwala, in dawo babu shi. In na tambaya, kowa ya sunkuyar da kai. Sai uwar ɗakinmu ta turo mini gwangwanin maɓallai, wai in huta da yanka, ni da na shekara tara ina yanka a shagon.

Doguwa nake zargi, mai keken kusa da nawa, don ta daɗe tana hangen teburin yankan. Amma kin san da zargin mutane ciwona ya fara, shi ya sa nake tsoron buɗe baki. Ke kaɗai na faɗa wa.

Taki kullum,
Auta

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya.

Ashe alhakin Doguwa na ɗauka. Ita ce ma jiya ta nuna mini aljihun teburin da uwar ɗakinmu ke kulle almakashin. Na sami uwar ɗakin namu ba hayaniya, ta yi ta kame-kame, daga baya ta miƙo mini wata takarda. Rubutunki ne, Yaya. Kin roƙe ta kada a bar ni da abu mai kaifi, kuma kada a gaya mini.

Ko da ciwon ya yi tsanani ban taɓa ɗaga wa kowa allura ba. Kin karanta wasiƙata, kin san amsar, kika yi shiru. Cikin shirun nan na koma na ce wa likita na fara ganin abin da babu, ya ƙara mini magani. Yanzu hannuna rawa yake yi. An mayar mini da almakashin ɗazu, na kasa yanka miƙaƙƙen layi, sai Doguwa ce ta ƙarasa mini.

Na san tsoro ne ya sa ki, amma raina ya ɓaci matuƙa. Ranar Litinin zan koma wurin likita. Ki zo ki gaya masa da bakinki cewa abin da na gani gaskiya ne.

A gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta