Naƙudar Dole da Matakalar Bene

Malama mai fili, ki taimaka mini, kaina ya ɗaure. Ban saba neman shawara ba. Shekaru na yi ina koyar da lissafi, ni ake tambaya, kafin a yi mini ritayar dole a ɗora yaron da na koya wa raba goma gida biyu. To, wannan wani zance ne.

Autata ce ke da cikin fari. Mijinta direban babbar mota ne, kullum yana hanya, shi ya sa take wurinmu. Likita ya ba ta ranar haihuwa, ranar ta zo ta wuce, har an kwana biyu. Yanzu ya ce in mako ya ƙare ba labari, ta je a sa mata ruwan naƙuda. Uwarta ta ce ai wannan naƙudar dole ce. Tun da na ji kalmar nan na rasa sukuni, don na san abin da dole ta yi mini. Kuma a ajina, wanda ya ba da amsa ba daidai ba, ba na sake miƙa masa alli.

Sai na sa ta hawa matakalar benenmu safe da yamma, ni ina ƙasa da sandata ina ƙirgawa. Uwarta na ɗura mata dabino. Maƙwabciya ma ta kawo wani jiƙo a gora, warinsa kamar tsohon takalmi. Shiru kake ji. Yarinyar har ta daina fitowa cin abinci tare da mu.

Abin da nake son sani: wa ke buga ƙararrawar naƙuda, uwa ko ɗan? In jiki ya san lokacinsa, me ya kawo likita ciki? In bai sani ba, matakala ce za ta gaya masa? An sha rufe mini baki da sunan ƙa'ida, ba na so a yi wa 'yata. Amma ina tsoron taurin kaina ya ja mini asarar jika.

Kakan da ke jira

Baba, sannu da jira.

Likita bai faɗi jarrabawa ba. Ranar da ya bayar ƙiyasi ce, kuma kai ka koyar da ƙiyasi. Mata kaɗan ne ke haihuwa a ranar daidai, cikin fari kuwa ya saba jinkiri. Ƙararrawar da ka tambaya, uwa da ɗa ne ke buga ta tare, kuma har yau masana ba su gama gane yadda ake yi ba.

Kana da gaskiyarka: in uwa da ɗa lafiya, naƙudar da ta zo da kanta ita aka fi so, kuma ruwan naƙuda kan zo da zafi. Amma mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗan, tana gajiya idan ciki ya daɗe, ruwan da yake kwance a ciki kuma yana iya raguwa. Abin da likita ke gudu ke nan.

Tafiya a hankali da dabino ba laifi, sai dai ba su da tabbas. Jiƙon nan a zubar da shi yau, don ba wanda ya san ƙarfinsa. In motsin ɗan ya ragu, ko ta ga jini, ko faya ta fashe, a tafi asibiti nan take. Ku tambayi likita me ya gani, me zai faru in an ƙara jira. Tambaya haƙƙinta ce, kuma ba a sa ruwan sai da yardarta.

Saura abu ɗaya. Na ji ra'ayinka, na ji na uwarta, har na maƙwabciya, ban ji na mai cikin ba. Dolen da na gani a wasiƙarka ba a asibiti take ba, Baba, a kan matakala take. Jingine sandar, ka ƙwanƙwasa ƙofarta, ka tambaye ta abin da take so, sannan ka yi shiru kamar ɗalibin kirki.

Allah ya sauke ta lafiya, ya ba ka jikan da za ka koya wa raba goma gida biyu.