Kafin Baba Ya Koma Maraɗi

Litinin, 4 ga Yuni 2007
Yau aka cire wa Baba bandejin ido na biyu. Yanar ta tafi duka. Ya daɗe yana kallona a ɗakin likita, sannan ya ce ashe na yi furfura ban gaya masa ba. Na yi dariya, na fita wajen mota na yi kuka kaɗan.
Jirginsa 12 ga Agusta. Kafin ranar sai ya ga wasan ruwa na park ɗinmu, wurin shaƙatawar nan, in Allah ya yarda. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran famfunan rijiyoyi daga Maraɗi har Dakoro, sai ya ga ruwa yana rawa da kiɗa, ya ga ƙaton kifin nan na ƙarfe yana tasowa daga tsakiyar tafki. Shekarata biyar da pass, katin shiga na shekara, ni da ɗiyata Malika. Na kalli wasan ya fi sau arba'in, kullum sai na ce da Baba yana nan.

Asabar, 9 ga Yuni
An maido mu daga ƙofa. Tafiyar awa ɗaya da kwata, da shinkafa a kula, da hular rana da na saya wa Baba. Yarinyar da ke ƙofa ta sa katina a na'ura, fitila ta yi ja. Wai sabuwar doka: pass ɗinmu ba ya aiki ranar Asabar duk tsawon bakansi, hutun 'yan makaranta, kuma ko ranar aiki sai an kira an yi reservation, wato an kama wuri tun da wuri. Na ce yaushe aka sanar? Ta ce an aiko wasiƙa. Ni ban ga wasiƙar kowa ba.
A hanyar dawowa shanu da dawakai Baba ya riƙa kallo ta taga.

Talata, 12 ga Yuni
Minti arba'in ina riƙe da talho ana sa mini kiɗa, daga ƙarshe layin ya tsinke. Gobe kuma.

Alhamis, 14 ga Yuni
Sau uku na kira yau. Yuni ya cika, in ji su.

Lahadi, 24 ga Yuni
Celina, wadda muke aiki tare a gidan kula da tsofaffi, ita ma tana da pass. Ta ja ni taron masu pass a wani shagon kofi a Elm Street. Mu goma sha bakwai, ni kaɗai mai kallabi. Akwai dattijon da ya ce tun ranar da aka buɗe park ɗin yake zuwa, da matar da ta zo da fayil cike da tsofaffin tikiti. Kowa da ciwonsa. Wani an soke masa rana ba a gaya masa ba, wata ta yi layi awa biyu aka ce wasan ya lalace.
Ban yi niyyar magana ba, sai ga ni a tsaye. Na ce mahaifina yana da sati bakwai a ƙasar nan da sababbin idanu. Suka ce ni zan rubuta wasiƙar zuwa ga manaja, su sa hannu. Ni da Turancina na shekara tara. To, na karɓa.

Laraba, 27 ga Yuni
Malika ta gyara mini wasiƙar, ta goge “don Allah” guda huɗu. Ta ce ba roƙo muke ba. Na maida ɗaya.

Juma'a, 29 ga Yuni
An samu rana, Talata 10 ga Yuli. Celina za ta karɓi aikina na ranar, ni in yi mata Lahadi biyu.

Talata, 10 ga Yuli
Ban san ta inda zan fara ba.
Mun shiga lafiya. Mun samu benci na uku, daidai tsakiya, inda na fi so. Ƙarfe huɗu kiɗa ya tashi, ruwa ya miƙe sama layi-layi, na saci kallon Baba na ga bakinsa a buɗe. Minti biyu ke nan. Sai ruwan ya fara tari, ya yi tsalle ya faɗi, ya sake. Kifin ya taso rabi ya maƙale, kai a waje, baki a wangale, kiɗa kuwa bai fasa ba. Yara suka fashe da dariya. Wata murya ta ba da haƙuri ta lasifika, aka ce mu fita ta hagu.
Ni kamar in nutse. Baba kuwa ya karkata kai yana saurare. Ya ce, “Famfon nan iska ya sha. Ji yadda yake kuka. Ba babban ciwo ba ne, in sun san inda za su duba.”
Na je biro, ofishinsu, na kai kuka. Suka ba ni takardar shan lemo kyauta. Na bar musu ita a kan tebur.

Laraba, 11 ga Yuli
Ƙafafun Baba sun kumbura saboda tsayuwa a layi. Na jiƙa masa su a ruwan ɗumi. Ya ce ai ya ga abin da ya gani, ya isa. Na ce bai isa ba.

Asabar, 21 ga Yuli
Sa hannu ɗari biyu da shida. Bayan aiki nake zagayawa, har Summerfield na je gidan wata mata, karenta ya kusa cinye ni. Na dawo na tarar Baba da Malika sun ci abinci, yana koya mata dara da wake a kan kwali. Ta dube ni ta ce da Turanci, wai kakanta saura sati uku gare shi kuma kullum ba na gida. Na ce mata ta kama bakinta, don shi nake yi.
Don shi nake yi mana.

Litinin, 30 ga Yuli
Amsar manaja ta zo. Ana gyaran wasan, za a sake buɗewa 18 ga Agusta, kuma sun ware mana kujerun gaba ranar. Sha takwas. Shi kuma jirginsa sha biyu. Na karanta sau uku ko lambar za ta canja.
Ba zan sake kira ba. Da ƙafata zan je.

Alhamis, 2 ga Agusta
Mun je mu uku ba reservation ba komai. Na ce wa mai gadi ba wasa muka zo ba, manaja muke nema, kuma ga benci zan zauna har ta fito. Awa ɗaya da rabi. Ta fito, Angelina sunanta, ba ta kai ni shekaru ba, duk ta gaji. Ta ce ba ta da ikon tada wasan da aka kwance injinsa. Na ce to me take da iko a kai?
Baba ya taɓa hannun Malika ya ce ta tambayi matar ko sun duba bututun da ke jan ruwa, inda yake haɗuwa da famfon. Malika ta fassara tana jin kunya. Angelina ta kira wani a rediyonta, sai ga dattijo baƙar fata da rigar aiki duk maiƙo. Da ya ji tambayar ya yi dariya, ya ce kwana tara suka yi kafin su gano wurin, roba ce ta tsage. Ya tambayi Baba a ina ya yi aiki.
Ƙarshenta aka ba mu hulunan kwano muka sauka ƙarƙashin tafkin. Zafi, warin ƙarfe, famfuna shida a jere kowanne ya fi saniya. Baba ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa. Ya tsaya gaban agogon awon ƙarfin ruwa, ya karanta ƙananan lambobin da ƙarfi, da Faransanci, ba gilashi. Shekara shida rabonsa da karanta lamba. Su biyun suka tsuguna kan robar da ta tsage suna magana da hannu, har suka manta da Malika.
Da muka hau sama ya ce mini, “Tchima, yau kin kai ni wuri.”
Kifin yana kwance a gefe an rufe shi da tamfol. Ko kallonsa bai yi ba.

Juma'a, 3 ga Agusta
Na ɗauki hutun kwana biyar. Ba inda za mu. Yau ya cinye ni a dara sau huɗu.

Lahadi, 12 ga Agusta
Ya tafi. Gidan ya yi faɗi.

Asabar, 25 ga Agusta
Celina ta kira da safe tana murna. Sun maido mana Asabar biyu a wata, kuma wasan yana tafiya lafiya, ta ce wasiƙata ce. Na ji daɗi, gaskiya na ji. Na ce mata ina nan zuwa wani satin.
Jiya na shiga wajen shugabar aikinmu na tambaye ta ko mutum zai iya haɗa hutunsa ya ɗauki wata guda cur a Disamba. Ta ce ina za ni haka? Na ce babu ko'ina, tambaya ce kawai. Shekara tara ban taka Maraɗi ba, Malika kuwa ba ta taɓa gani ba.
Fasfonta ya ƙare tun bara. Na dai karɓo fom ɗin, yana cikin jakata.